Daga Idon Jagaba Zuwa Na'urar Ji: Tarihin Sanin Halin Hanya a Titin Zariya, Kano

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Titin Zariya, wajen Gyaɗi-Gyaɗi, ran da aka yi ruwan farko na shekara, ya ga yadda direba kan taka birki a inda ya saba takawa kullum, amma mota ta ƙi tsayawa a inda ta saba tsayawa. Titin bai sauya kama ba a ido, motar ita ce ta jiya, direban ma shi ne na jiya. Abin da ya sauya shi ne ƙarfin riƙon da ke tsakanin taya da fuskar kwalta, wanda ido ba ya gani, kuma direba ba ya sanin ya ragu sai lokacin da ya fi bukatarsa.

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin yadda matafiya suke sanin halin hanya, tun daga zamanin fatake har zuwa zamanin motocin da ke ɗauke da na'urorin ji, waɗanda makanikanmu ke kira sensa. An ɗauki yankin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a matsayin misali. Abin da takardar za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa a da sanin halin hanya abu ne na tarayya, wanda ake samu kafin a isa wurin haɗari, a kuma ba na baya labari. A yau kuwa ya koma cikin na'ura, ya ƙara sauri da daidaito, amma ya zama sirrin mota ɗaya, yana ɓacewa da zarar an kashe inji.

2.0 WURIN DA AKA YI NAZARI

Ƙaramar Hukumar Tarauni tana kudu maso gabas da ganuwar birnin Kano, hedikwatarta kuwa tana Unguwa Uku. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna tana da mutum 221,367. Daga cikin unguwanninta akwai Gyaɗi-Gyaɗi, da Tarauni, da Darmanawa, da Daurawa, da Babban Giji, da wani ɓangare na Hotoro. Titin Zariya, wanda ɓangare ne na babbar hanyar tarayya mai lamba A2, shi ne ƙashin bayan yankin. Ta nan motocin Kaduna da Abuja da Legas suke shigowa birni, a nan tashar motar Unguwa Uku take, a gefensa kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, wanda aka kafa a shekarar 1988.

Wannan ya sa titin yake ɗaukar nau'o'in ababen hawa masu bambancin nauyi da gudu a fage ɗaya: tirela da tankar mai, da bas, da ƙananan motoci, da babur mai ƙafa uku, da keke, da baro, ga kuma masu tsallakawa a ƙasa. Bugu da ƙari, da yawa daga layukan da suka ɓullo kan titin daga cikin unguwanni ba su da kwalta, don haka tayoyi da iska da ruwan sama suna jawo rairayi su shimfiɗa shi a kan kwaltar. Za a ga muhimmancin wannan rairayi a gaba.

3.0 MA'ANAR RIƘON HANYA

Kafin a shiga tarihi ya kamata a fayyace abin da ake aunawa. Mota ba ta taɓa ƙasa sai ta wurare huɗu, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba. Tafiya da tsayawa da shan kwana duk ta waɗannan wurare huɗu ake yin su, kuma duk sun dogara ne da gogayyar da ke tsakanin roba da fuskar hanya. Bafaranshe Guillaume Amontons ne ya bayyana ƙa'idojin wannan gogayya a shekarar 1699, sa'an nan ɗan ƙasarsa Charles Coulomb ya faɗaɗa bayanin a 1781. Daga aikinsu aka sami abin da za mu kira ma'aunin riƙo, watau lambar da ke nuna kason nauyin abu da gogayya za ta iya tarewa.

A busasshiyar kwalta mai kyau ma'aunin yakan kai wajen 0.8. In kwalta ta jiƙe yakan sauko wajen 0.4 ko 0.5, a kan ƙanƙara kuwa yakan faɗi zuwa 0.1. Lissafi ya nuna cewa motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana bukatar kamar mita 18 kafin ta tsaya in ma'aunin 0.8 ne, amma in ya sauko 0.4 sai ta ci mita 35. Wannan ban da wajen mita 17 da takan ci a cikin daƙiƙa ɗaya da direba kan ɗauka kafin ƙafarsa ta kai kan birki. Ke nan rabin riƙo yana ninka nisan tsayawa, kuma a wuri mai cunkoso irin mahaɗar Titin Kotu da Titin Zariya, waɗannan mita 17 na ƙari su ne tazarar da ke tsakanin tsira da kwanciya asibiti.

4.0 ZAMANIN FATAKE

Hanyar da ta haɗa Kano da Zazzau ta girmi mota da ɗaruruwan shekaru. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja don sayo goro, tafiyar da kan ɗauki watanni, da jakuna da alfadarai da 'yan alaro. Paul Lovejoy ya yi cikakken bayanin tsarin wannan fatauci a littafinsa na shekarar 1980. Shugaban ayari shi ne madugu, amma wanda hakkin sanin hanya ya rataya a wuyansa shi ne jagaba, mai wucewa gaba.

Aikin jagaba bai tsaya ga sanin inda hanya ta nufa ba. Shi ne mai duba mashigin rafi ya san ko jaki mai kaya zai iya ƙetarewa, ya san fadamar da taɓonta ke riƙe kofato, da tudun da tsakuwarsa ke fasa ƙafa, da yashin da ke gajiyar da dabba. Kayan awonsa su ne ido da sanda da tafin ƙafa. Harshen Hausa kansa shaida ne a kan zurfin wannan ilmi, domin ya bambance tsakanin santsi da sulɓi, da taɓo da caɓi, da rairayi da turɓaya, da marmara da fako, kowace kalma kuwa tana gaya wa matafiyi yadda ƙasa za ta karɓi sawunsa.

Abubuwa biyu ya kamata a lura da su a nan. Na farko, labarin hanya yana riga ayari isa: jagaba ya gani, ya komo ya faɗa, kafin kaya su kai wurin. Na biyu, labarin na kowa ne. A zango, masu dawowa sukan gaya wa masu tafiya inda kogi ya kawo da inda hanya ta ɓaci, shi ya sa Bahaushe ya ce matambayi ba ya ɓata. Har ila yau lokacin tashi ma awo ne, gama manyan ayarori sukan jira damina ta ɗauke, hanya ta bushe.

5.0 ZAMANIN BURJI DA SHINGE

Sojojin Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, sun kuwa taso ne daga Zariya suka biyo ta Bebeji. Hankalin sabuwar gwamnati ya fi karkata ga jirgin ƙasa, wanda dogonsa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Cinikin gyaɗa da ya bunƙasa tun daga wannan shekara, wanda attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata suka yi fice a cikinsa, shi ne ya haifar da bukatar hanyoyin da za su kawo amfanin gona bakin dogo, da farko a kan jakuna da raƙuma, daga baya a cikin manyan motoci.

En'e da Ma'aikatar Ayyuka ne suka shimfiɗa waɗannan hanyoyi, galibi da burji, sau da yawa kuma da aikin tilas da aka ɗora wa talakawa ta hannun hakimai da dagatai. An kasa su gida biyu: hanyar rani, wadda ba ta biyuwa da damina, da hanyar da ake bi duk shekara. Hanyar burji tana da halaye biyu da kowane direban wancan zamani ya sani. Da rani takan yi gargada, watau ƙananan kunyoyi a jere da tayoyi ke haifarwa, waɗanda kan sa taya ta riƙa tsalle, riƙonta ya ragu, bayan mota ya riƙa zamewa a kwana. Da damina kuwa takan yi laushi da santsi, babbar mota ɗaya ta isa ta huɗa ta kamar garma.

Maganin da hukuma ta yi wa wannan shi ne shingen ruwan sama. In an yi ruwa, mai gadin shinge yakan rufe hanya ga manyan motoci na wasu awoyi har burji ya sha iska. Idan aka duba da kyau, wannan shinge shi ne na'urar auna hanya ta farko da hukuma ta kafa a ƙasarmu: mutum ɗaya ya dubi ƙasa, ya yanke hukunci, hukuncinsa ya hau kan kowa. Ban da shi akwai leburorin hanya da aka zaunar a sansani-sansani, kowane rukuni da 'yan milamilansa da ya sani kamar tafin hannu.

Direba ma a wancan lokaci ba a kwana ɗaya yake zama direba ba. Yakan yi shekaru yana karen mota, yana sa katako a bayan taya a kan gangara, yana haƙa yashi, yana sauraren maigidansa. A nan yake koyon jin hanya ta sitiyari da kujera da ƙarar taya. Tashar mota kuma ta gaji zango, domin a nan wanda ya shigo daga Zariya yake ba mai shirin tashi labarin hanya.

6.0 ZAMANIN KWALTA

Shimfiɗa hanya da niƙaƙƙen dutse dabara ce da ake jingina wa John McAdam na ƙasar Sikotlan a farkon ƙarni na 19, haɗa dutsen da kwalta kuwa Edgar Hooley ne ya yi rajistarsa a Ingila a 1902. A Kano, kwalta ta yawaita ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta kuma bazu sosai bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, lokacin da kuɗin man fetur suka shigo. A waɗannan shekaru ne birni ya tsallake ganuwa ya miƙe kudu, gonakin da ke gefen hanyar Zariya suka zama unguwanni, hanyar da a da take ta fita gari ta zama titin tsakiyar gari.

Motoci ma sun yawaita. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, aka kuma kafa masana'antar harhaɗa manyan motocin Fiat a kan wannan Titin Zariya na Kano. Ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Yawan haɗurra ya sa gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko.

Kwalta ta kawar da gargada da taɓo, amma ta zo da wata matsala: tana ɓoye halinta. Burji in ya jiƙe kowa ya gani, kwalta kuwa kamanninta ɗaya ko da riƙo ko babu. A Kano abubuwa huɗu ne suka fi rage mata riƙo. Akwai rairayin da aka ambata, wanda ke zama kamar ƙananan duwatsun gara a ƙarƙashin taya. Akwai ƙurar hunturu da baƙin mai da ke taruwa tsawon watannin rani, waɗanda ruwan farko ke kwaɓawa su zama kamar sabulu. Akwai zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ya sa kwalta ta tsattsafo sama ta rufe tsakuwa. Akwai kuma gogewar da tayoyin manyan motoci ke yi wa tsakuwar kanta, musamman a wuraren taka birki, har ta yi sumul. A watan Agusta kuma, in lambatu ya toshe, ruwa kan kwanta ya rufe ramuka. Da zuwan kwalta aka daina shinge, sansanin lebura ya watse, koyon tuƙi ya gajarta, amma ba a sami abin da ya maye gurbinsu wajen faɗakar da direba ba.

7.0 TARIHIN NA'URORIN JI

A ƙasashen Turai an bi wannan matsala ta fuska biyu: auna hanya daga ɓangaren hukuma, da kuma sa wa mota abin da za ta ji hanya da kanta. A fuska ta farko, cibiyar binciken hanyoyi ta Ingila ta ƙera wata na'ura mai lilo wadda ake goga robarta a kan kwalta a karanta lamba, daga baya kuma ta ƙera babbar mota mai taya ta biyar a karkace, mai watsa ruwa tana auna santsi tana tafiya. Bankin Duniya kuma ya fito da ma'aunin rashin laushin hanya na ƙasa da ƙasa a 1986, bayan gwajin da aka yi a Barazil a 1982.

A fuska ta biyu, dabarar hana taya cijewa ta faro ne daga jiragen sama, inda kamfanin Dunlop ya fito da tsarin Maxaret a shekarun 1950. An sa shi a motar Jensen FF a 1966. A 1978 kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz suka fito da birkin ABS mai aiki da kwamfuta, wanda shi ne kakan na yau. Yadda yake aiki kuwa shi ne: a jikin kowace taya akwai zobe mai haƙora da ke juyawa tare da ita, kusa da shi kuma akwai sensa mai maganaɗisu da ke ƙidaya haƙoran. In kwamfuta ta ga wata taya tana neman tsayawa cik alhali mota na tafiya, sai ta sassauta mata birki ta sake matsawa, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Hikimar ita ce taya ta fi riƙo sa'ad da take zamewa kaɗan, wajen kashi 10 zuwa 20 cikin 100. In ta cije gaba ɗaya riƙo ya ragu, sitiyari kuma ya daina aiki.

A 1995 aka ƙara wani mataki, watau tsarin daidaita mota, wanda Bosch da Mercedes-Benz suka kira ESP, Toyota kuma ta kira nata VSC. An ƙara sensa mai auna juyin sitiyari da wata mai auna yadda jikin mota ke juyawa. In inda direba ya nufa ya saɓa da inda mota ta nufa, sai kwamfuta ta taka wa taya ɗaya birki ta maido da ita kan hanya. Tsarin ya yi suna ne a 1997, bayan wata sabuwar ƙaramar Mercedes ta kife a hannun 'yan jarida masu gwaji a Suwidin, kamfanin ya sa shi a dukkan motocin wannan samfuri. Amurka ta wajabta shi ga sababbin ƙananan motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma daga Nuwamba 2014.

Waɗannan duka suna farga ne bayan taya ta soma zamewa. Don haka masana suka shiga neman hanyar sanin riƙo tun kafin a kai ga haka. Farfesa Fredrik Gustafsson na Jami'ar Linkoping ta Suwidin ya nuna a 1997 cewa ana iya ƙiyasta riƙo daga ɗan bambancin gudun da ke tsakanin tayoyin da inji ke ja da waɗanda ke bi. Wasu kamfanoni, kamar Vaisala na Finlan, suna ƙera na'urorin da ke haska hanya da hasken da ido ba ya gani, su bambance ruwa da ƙanƙara ta yadda hasken ya dawo. A 2013 Mercedes-Benz ta sa kyamara mai ido biyu da ke hango tudu da kwari a gaban mota, Porsche kuma ta sa wa motarta samfurin 911 da ta fito a ƙarshen 2018 sensa mai sauraren ƙarar feshin ruwa a ramin taya.

Mataki mafi muhimmanci ga batunmu shi ne wanda Volvo ta soma gwadawa a 2014 tare da hukumomin hanyoyi na Suwidin da Norwe. In mota ta ji santsi a wani wuri, sai ta aika da labari ta intanet, a gargaɗi motocin da ke tafe, a kuma sanar da masu gyaran hanya. Mai sauraro zai lura cewa wannan ba wani abu ba ne illa aikin jagaba da na zango a sabuwar riga.

8.0 NA'URORIN A KAN TITUNAN KANO

Waɗannan na'urori sun iso Kano ba tare da wata doka ko wani shiri ba. Sun shigo ne a jikin motocin gwanjo na Turai da Amurka, waɗanda aka fi sani da 'yan Kwatano, domin ta tashar jiragen ruwan Kwatano akasarinsu suka riƙa biyowa kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu daga Janairu 2017. Saboda haka a yau dubban motocin da ke bin Titin Zariya suna ƙidaya juyin tayoyinsu a kowane lokaci. Sai dai akwai dalilai huɗu da suka rage amfanin wannan.

Na farko, an ƙera na'urorin ne da tunanin ƙanƙara da ruwa, ba rairayi ba. Sananne ne ga masana cewa a kan tsakuwa ko yashi mai laushi, ABS yakan tsawaita nisan tsayawa, domin tayar da ta cije takan tara ƙasa a gabanta ta tokare ta, shi kuwa ABS ba ya barinta ta cije. Ribarsa a nan ita ce sitiyari bai ƙwace ba. Direban da ya sauka daga kwalta ya shiga layin unguwa, ko ya hau rairayin gefen titi, ya kamata ya san haka.

Na biyu shi ne gyara. Ƙura da taɓo sukan toshe haƙoran zobe, duka a rami yakan tsinka waya, canja ƙafar mota da wadda ba irinta ba yakan rikita lissafi. In haka ta faru fitilar ABS takan kama a gaban direba, tsarin ya kashe kansa, birki ya koma irin na da. Da yake mota ba ta daina tafiya ba, mutane da yawa sukan yi shekaru da fitilar a kunne, wasu ma a cire musu ƙwan don kada mai saye ya gani. Akwai kuma direbobin da in sun ji fedar birki tana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarsu sai su ɗaga ƙafa, suna zaton wani abu ya lalace, alhali kuwa alamar aiki ce, abin da ake so shi ne a ci gaba da dannawa.

Na uku shi ne taya. Na'ura ba ta ƙirƙirar riƙo, tana dai sarrafa wanda ake da shi ne. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ta daina ƙera taya a Legas a 2008, kasuwa ta dogara ga tayoyin waje, ciki har da na gwanjo. Zanen taya shi ne ke kore ruwa daga ƙarƙashinta. In zurfinsa ya gaza milimita 1.6, wanda shi ne iyakar da ƙasashe da yawa suka sa, sai taya ta hau kan ruwa kamar kwalekwale. Lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, amma kaɗan ne masu dubawa.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne rabo. Bayan da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a cikin birni a Janairu 2013, babur mai ƙafa uku, wanda ya sami sunan A Daidaita Sahu tun zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, ya zama abin hawan yawancin jama'a. Shi kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin na'urorin nan, ga ƙananan tayoyi, ga saurin kifewa a kwana. Ke nan wanda ke cikin babbar mota mai ƙarfe kewaye da shi, shi ne na'ura ke karewa, ɗalibi da mai jinya da 'yar kasuwa da ke cikin babur kuwa ba su da jagaba sai idon matuƙinsu. An yi manyan ayyuka a wannan titi, kamar gadar sama da ta ƙasa a shataletalen Dangi a zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, da sake gina hanyar Abuja zuwa Kano da aka soma a 2018. An kuma kafa hukumar KAROTA a 2012 don kula da zirga-zirga. Amma gada da jami'in hanya suna maganin cunkoso ne da karya doka, ba su gaya wa direba inda santsi yake yau da safe.

9.0 NAƊEWA

Tarihin da aka bi ya nuna matakai uku. A zamanin fatake labarin hanya yana riga matafiyi isa, kuma na kowa ne. A zamanin burji hukuma ta ɗauki wani kaso na aikin ta hanyar shinge da lebura, tasha kuma ta riƙe sauran. A zamanin kwalta da na'ura awon ya fi na da inganci nesa ba kusa ba, amma ya maƙale a cikin mota ɗaya. In wata mota ta zame a kusa da ƙofar asibiti da ƙarfe bakwai, kwamfutarta ta sani, amma wadda ke bayanta da minti biyar sai ta gano da kanta.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfinmu ba. Wayar hannu da ke aljihun kusan kowane matuƙi tana da na'urar jin girgiza da ta sanin wuri, kuma birnin Boston na Amurka ya yi amfani da irin wannan a 2012 don gano ramukan titunansa. Sassan koyar da aikin injiniya na Jami'ar Bayero da na jami'ar kimiyya da fasaha da ke Wudil za su iya gwada haka da ƙungiyoyin direbobi da na 'yan A Daidaita Sahu, a fara da tsakanin Dangi da Unguwa Uku, a miƙa sakamakon ga hukumomin gyaran hanya na jiha da na tarayya. Kafin nan, akwai abin da tsintsiya da shebur za su yi: kwashe rairayin gefen titi da yashe lambatu kafin ruwan farko. Ya kamata kuma masu duba lafiyar mota su sa fitilar ABS da zurfin zanen taya cikin abin da suke dubawa, makarantun koyon tuƙi su bayyana wa ɗalibai da Hausa abin da karkarwar birki take nufi.

A ƙarshe akwai aiki a wuyan masana tarihi da na harshe da ke wannan taro. Tsofaffin direbobin da suka yi karen mota a zamanin burji suna ƙarewa, da su kuma kalmominsu da saninsu na kowace kwana da kowane mashigi tsakanin Kano da Zariya. Ya kamata a je tasha a zauna da su, a ɗauki bayaninsu a rubuce tun suna raye, domin duk wanda zai koya wa na'ura halin hanyoyinmu, daga wurinsu zai fara.